Tambayoyin Masu Karatu: Me Ya Sa Mai Neman Kayana Ba Ya Ganin Shafina a Google?

Da yawa daga cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan kukansu ɗaya ne, wato mutum ya kashe kuɗi an gina masa shafin intanet, amma idan aka nemi irin abin da yake sayarwa ko yake rubutawa ba a cin karo da shi. Na zaɓi uku, daga Jidda da Makka da Madina, kuma na taƙaita su saboda ƙarancin fili. Ta farko ce za ta ci mafi yawan wurin, domin bayanin da ke cikin amsarta ya shafi sauran biyun.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai sana'ar tsire da kilishi ne a Jidda, sana'ar da na gada a wurin mahaifina. Wata shida ke nan da ɗana ya haɗa mana shafin intanet, ya sa hotuna da lambar waya da bayani cikin Hausa da Turanci. Har yau idan na rubuta "tsire a Jidda" a Google ba na ganin shafinmu, kuma babu wanda ya taɓa ce mini ta can ya same mu. Yanzu wani ya zo ya ce in riƙa ba shi riyal 1,500 duk wata, shi kuma zai mayar da mu na ɗaya cikin mako biyu. In ba shi ko kada in ba shi? Kuma mene ne wannan SEO ɗin da yake ta ambata? Daga wani Alhaji, Jidda.

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara albarka a sana'a, ya kuma yi wa yaron albarka bisa ƙoƙarinsa. Amsata a taƙaice ita ce kada ka ba shi kuɗinka a kan wannan alƙawarin, kuma zan dawo kan dalili a ƙarshe. Kafin nan ya kamata mu fahimci yadda abin yake aiki, domin wanda ya san inda cuta take shi ne ba a sayar masa da maganin da bai dace ba.

SEO taƙaitawa ce ta wasu kalmomin Turanci guda uku, kuma abin da ake nufi da ita shi ne gyara shafi da tsara shi ta yadda injin bincike zai gano shi, ya fahimci abin da ke cikinsa, sannan ya nuna shi ga wanda yake neman wannan abin. Ta bambanta da talla. Sakamakon da kake gani a can sama ɗauke da alamar talla, kuɗi aka biya a kansa, kuma ranar da aka daina biya ranar yake ɓacewa. Sauran jerin da ke biye ba a sayen wuri a cikinsa, kuma kamfanin Google ya sha bayyana cewa biyan kuɗin talla ba ya ɗaga matsayin shafi a wannan jerin.

Idan ka rubuta tambaya, Google ba ya tashi a lokacin ya zaga intanet yana nema, domin ya riga ya zaga tun tuni. Akwai wata manhaja tasa mai suna Googlebot wadda take bin mahaɗai, wato wuraren da ake dannawa su kai mutum wani shafi, daga wannan shafi zuwa wancan dare da rana tana kwaso abin da ta tarar. Abin da ta kwaso ana tantance shi, a adana wanda ya cancanta a wani katafaren rumbu, kamar yadda mai kantin littattafai yake jera hajarsa fanni-fanni. Sai idan wani ya yi tambaya ne ake zaƙulo abin da ya dace daga rumbun, a jera daga wanda aka ga ya fi amsa tambayar zuwa na ƙasa da shi. Saboda haka shafi yana iya maƙalewa a wuri uku: ko manhajar ba ta taɓa isa gare shi ba, ko ta isa amma bai shiga rumbu ba, ko ya shiga rumbu amma ba a ga ya dace da tambayar da ake yi ba.

Gano biyun farko abu ne mai sauƙi. Ka ce wa yaron ya rubuta site: a akwatin bincike, ya bi shi da adireshin shafinku ba tare da ya bar tazara ba. Idan shafukanku suka fito, to suna cikin rumbu. Idan babu abin da ya fito, sai a duba dalili, kuma dalilin da na fi yawan tararwa ƙaramin abu ne: a manhajar WordPress, wadda da ita ake gina shafuka masu ɗimbin yawa, akwai wani ɗan akwati a sashen saituna da ake dannawa domin a hana injin bincike ɗaukar shafi yayin da ake kan gina shi, sai a gama gini a manta ba a cire alamar ba. Haka nan akwai wani ƙaramin fayil mai suna robots.txt da yake gaya wa manhajar inda za ta shiga da inda ba za ta shiga ba, kuma kuskuren layi ɗaya a cikinsa yana iya rufe gidan gaba ɗaya. Bayan wannan sai ya buɗe asusu a Search Console, wanda kayan aiki ne na Google kuma kyauta ne, ya tabbatar da cewa shafin naku ne, ya miƙa taswirar shafin, wato fayil ɗin da yake ɗauke da jerin dukkan adireshin da ke ciki. A nan ne Google da kansa zai riƙa gaya muku wane shafi ya ɗauka, wanne ya bari, da kuma dalili.

Amma daga yadda ka bayyana shafin, ina kyautata zaton babbar matsalarka tana mataki na uku ne, kuma a nan nake so ka ba ni hankalinka sosai. Ka ce kalmar da kake gwadawa ita ce "tsire". To, wane ne yake neman wannan nama da wannan suna a Jidda? Ni da kai ne da 'yan'uwanmu, waɗanda yawancinsu sun riga sun san ƙofar shagonka ba sai waya ta nuna musu ba. Mutanen Hijaz sun daɗe da sanin wannan nama, tun zamanin da kakanninmu suke ratso Chadi da Sudan ta ƙasa su tsallako Bahar Maliya daga Sawakin, amma sunan da ya zauna a bakinsu shi ne siriya, kuma da haruffan Larabci suke rubuta shi. Basudanen da ke zaune a Jidda idan ya yi marmarin irin wannan gashi, agashe zai rubuta. Ɗan kudancin Najeriya da ke aiki a asibiti ko kamfani, suya zai rubuta. Shafinku kuwa cikin Hausa da Turanci yake, ke nan kalmar da mafi yawan masu sayen namanka suke amfani da ita babu ita a ciki ko sau ɗaya. Injin bincike yana da ƙoƙari wajen gane kalmomi masu ma'ana ɗaya a manyan harsuna, amma bai kamata ka jingina cinikinka a kan zaton cewa zai haɗa tsire da siriya da kansa ba.

Wannan shi ne tushen aikin gaba ɗaya a wurina: sanin wanda yake nema, da kalmar da yake nema da ita. Kuma kai ka fi kowane masani sanin wannan, domin kullum kana tsaye kana jin abin da masu saye suke faɗa. Ka rubuta kalmomin nan a takarda har na mako guda, sannan yaron ya gwada su ɗaya bayan ɗaya. Idan ya fara rubuta kalma a akwatin bincike, Google yakan kawo shawarwarin cikon magana, waɗanda suke fitowa daga irin abin da mutane suke nema, kuma a ƙasan jerin sakamako yakan kawo wasu tambayoyi masu alaƙa. Ya lura da cewa ita kanta siriya rubutunta ya kasu biyu, wasu suna ƙare ta da harafin ha wasu da ta marbuɗa. Bayan 'yan makonni da buɗe Search Console zai fara ganin ainihin kalmomin da aka rubuta har shafinku ya bayyana, kuma wannan jerin ya fi duk wani hasashe.

Idan an san kalmomin, sai a sa su a inda suke da nauyi. Wuri na farko shi ne taken shafi, wato layin da yake fitowa da manyan haruffa a sakamakon bincike. Shafukan 'yan'uwanmu da yawa takensu "Barka da zuwa" ne ko "Shafin farko", alhali babu mai neman waɗannan kalmomi. Take mai amfani shi ne wanda ya faɗi abin sayarwa da gari da unguwa da sunan shago, kuma ya tsaya a kusan haruffa 60 domin kada a datse shi. Sai babban kanun da ke cikin shafin da sakin layi na farko. Amma kada a cika shafi da maimaita kalma ɗaya har magana ta daina daɗin karantawa, domin wannan yana cikin abubuwan da ƙa'idojin Google suka hana. Akwai kuma wani ɓoyayyen wuri a bayan shafi da ake jera kalmomi a da, wanda har yanzu wasu suke karɓar kuɗi domin su cika shi, alhali tun 2009 Google ya sanar cewa ba ya la'akari da shi wajen jera sakamako.

Sannan shafin ya amsa tambayoyin da ake yi maka a waya kullum: nawa ne, naman rago ne ko na sa ko na kaza, ƙarfe nawa kuke buɗewa, yaya lokutan suke a watan azumi, kuna kaiwa gida, kuna karɓar aikin biki da suna, kwana nawa kilishi yake yi bai lalace ba. A rubuta su da rubutu na gaske. Na sha ganin an ɗauki hoton allon farashi an liƙa a shafi an ce an gama, alhali rubutun da ke cikin hoto ba abin dogaro ba ne wajen bincike, kuma ranar da farashi ya canza sai an sake hoto.

Ga mai sana'ar abinci irinka kuwa, akwai abin da ya fi shafin kansa saurin kawo mai saye, wato taswira. Mai jin yunwa da dare yana cikin mota, abin da ke kusa da shi yake nema, kuma abin da Google yake fara nuna masa shi ne wurare a kan taswira. Shiga wannan jeri ta hanyar Google Business Profile ne, shi ma kyauta ne. Google ya bayyana cewa abubuwa uku yake dubawa a nan, wato dacewar wurin da abin da ake nema, da kusancinsa da mai nema, da kuma shahararsa. Kusanci ba ya hannunka, amma sauran biyun suna hannunka: ka zaɓi rukunin sana'a daidai, ka sa sunan shago kamar yadda yake a allon ƙofa ba tare da ƙarin wasu kalmomi ba, ka tabbatar alamar taswira tana kan ƙofarka, ka gyara lokutan aiki duk sanda suka canza, ka sa hotunan namanka na gaskiya. Ka roƙi waɗanda suka ji daɗin namanka su rubuta ra'ayinsu, kuma ka amsa wa wanda ya yi ƙorafi cikin mutunci. Sayen ra'ayoyin ƙarya ko ba da kyauta domin a yabe ka ya saɓa wa ƙa'idar Google, kuma kafin wannan ma ha'inci ne a ciniki.

Yanzu mu dawo kan mai riyal 1,500. Google da kansa ya rubuta a shafukansa na jagora cewa babu wanda zai iya ba da tabbacin matsayi na ɗaya, kuma ya ce a yi hattara da mai yin irin wannan alƙawari, ya kuma ce a yawancin lokuta aikin ƙwararre yakan ɗauki wata huɗu zuwa shekara guda kafin a ga amfaninsa. Wanda ya ce mako biyu, ko dai talla zai saya da wani ɓangare na kuɗinka ya nuna maka a matsayin aikinsa, ko ya ɗora ka na ɗaya a kan kalmar da babu mai nemanta, kamar cikakken sunan shagonka, ko kuma ya bi hanyoyin da za su iya jawo wa shafin hukunci bayan shi ya yi gaba. Akwai masu wannan sana'a na kirki, kuma ana gane su da cewa su ne suke fara yi maka tambayoyi a kan masu sayen kayanka, su rubuta maka abin da za su yi dalla-dalla, su nuna maka aikin da suka yi wa wasu. Ko da ka ɗauki irin wannan, rajistar adireshin shafin ta kasance da sunanka, kuma kada ka miƙa kalmar sirrin asusunka, domin Search Console da Business Profile duka suna ba ka damar ƙara mutum ya yi aiki ba tare da ya zama mai gida ba.

Tambaya: Malam, ina sayar da turaren wuta da humra da atamfa a Makka, kuma ina da masu ɗinki. Masu sayen kayana kashi biyu ne, alhazai da masu Umra daga Najeriya da Nijar, musamman waɗanda suke sauka a wajen Misfala, sai kuma matan gari. Da wane harshe zan rubuta shafina, Hausa ko Larabci? Kuma 'yata ta ce in daina sa haruffa masu lanƙwasa saboda mutane ba sa rubuta su a waya. Gaskiya ne? Daga wata Hajiya, Makka.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba da kasuwa mai albarka. Ki rubuta da duka biyun, amma kowane harshe ya samu nasa shafin da nasa adireshin. Kuskuren da aka fi yi shi ne a cakuɗa Hausa da Larabci da Turanci a shafi ɗaya, layi bayan layi. Google yana gane harshen shafi ne daga rubutun da mai karatu yake gani, saboda haka shafin da ya cakuɗe yana rikita injin kamar yadda yake gajiyar da mai karatu, ga shi kuma Larabci daga dama yake farawa Boko daga hagu. Wanda ya gina miki shafin ya raba su gida biyu, ya sa maɓallin sauya harshe a sama inda ido zai gani, sannan ya haɗa su da alamar da ake kira hreflang, wadda take gaya wa injin bincike cewa wannan shafi ɗan'uwan wancan ne a wani harshe. Alamar Hausa ita ce ha, ta Larabci kuma ar.

Ba dole ne shafukan biyu su zama fassarar juna kalma da kalma ba, domin masu karanta su buƙatunsu daban ne. Hajiyar da ta zo daga Kano ko Damagaram ta san turaren wuta, abin da take son sani shi ne nisan shagonki daga masaukinta, ko za a gama mata ɗinki kafin ranar tashin jirginta, da yadda za a naɗe mata kwalaben humra kada su zube a jaka. Matar gari kuwa da bakhur ta saba, wataƙila tana buƙatar a bayyana mata bambancin haɗinki da wanda ta sani. Idan aka ɗauki rubutun Hausa aka zuba a injin fassara aka liƙa abin da ya fito ba tare da wanda ya iya Larabci ya duba ba, sunayen kaya ne suke fara lalacewa, kuma su ne ainihin kalmomin da ake nema. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan sun iya harshen kasuwar Makka, su ya kamata a ba wannan aiki.

Maganar 'yarki tana da tushe, amma ban yarda da hukuncin da ta yanke ba. Gaskiya ne mutane da yawa "dinki" suke rubutawa a waya maimakon "ɗinki", kuma a wurin kwamfuta ɗ da d haruffa ne biyu mabambanta, haka ƙ da k, da ɓ da b. Amma Hausar da aka rubuta daidai tana da nata kwarjini a idon mai karatu, kuma akwai kalmomin da ma'anarsu take juyewa idan aka cire lanƙwasa, kamar ƙafa da kafa, ko ɓata da bata. Shawarata ita ce a rubuta jikin shafi daidai da ƙa'ida, a gwada neman manyan kalmomin ta fuska biyu a ga abin da yake fitowa, sannan a bi abin da Search Console zai nuna. Idan ya bayyana cewa wata kalma ana yawan nemanta babu lanƙwasa, babu laifi ta bayyana haka a wuri ɗaya ko biyu, misali a bayanin hoto. A adireshin shafi kuwa na fi son haruffa marasa lanƙwasa, saboda idan aka kwafi adireshi mai lanƙwasa ko mai haruffan Larabci aka tura a WhatsApp, sau da yawa yakan rikiɗe ya zama dogon jerin alamomi da lambobi da mutum zai ji tsoron dannawa.

Akwai abin da ba ki tambaya ba amma ya shafe ki ƙwarai, wato nauyin shafi. Tun 2023 Google ya sanar da kammala komawa duba shafuka ta fuskar yadda suke a waya, saboda haka kyan shafi a babbar kwamfuta ba ya wadatarwa. Alhajin da ke cikin cunkoson kusa da Harami da ɗan ƙaramin layin data ba zai jira hoton atamfa mai nauyin megabait biyar ya sauko ba. Ma'aunin da Google ya sa shi ne babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, kuma ana iya gwadawa kyauta a PageSpeed Insights. Rage nauyin hotuna kaɗai yakan magance mafi yawan matsalar. A tabbatar kuma adireshin yana farawa da https, domin tun 2014 Google yake la'akari da wannan, kuma tun 2018 manhajar Chrome take yi wa shafin da ba shi da shi alamar rashin tsaro. Tun da ciniki ake yi, ki tuna cewa dokar cinikin intanet ta Saudiyya ta 2019 ta wajabta wa mai shago ya bayyana sunansa da adireshinsa da hanyar tuntuɓarsa da bayanan rajistarsa, kuma waɗannan bayanai su ne suke kwantar wa baƙo da hankali. Tun da kasuwarki ta lokaci ce, a gama duk gyaran nan watanni kafin azumi da aikin Hajji, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma injin bincike yana ɗaukar makonni kafin gyara ya nuna tasirinsa sosai.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Musulunci ta Madina. Ina rubuta bayanai da Hausa a kan wuraren ziyara, irin su Masallacin Ƙuba da Uhudu da Baƙi'a. An ce mini shafi ba ya tashi sai wasu shafuka suna nuni zuwa gare shi, kuma na ga masu sayar da mahaɗai ɗari biyar da kuɗi kaɗan. Ya halatta a wannan fage in saya? Daga wani ɗalibi, Madina.

Amsa: Malam, Allah ya ba da ilimi mai amfani. Wanda ya gaya maka muhimmancin mahaɗai ya yi gaskiya. Da wannan tunani aka kafa Google a 1998, bayan da Larry Page da Sergey Brin, ɗalibai a Jami'ar Stanford ta Amurka, suka fito da lissafin da ake kira PageRank, wanda yake ɗaukar kowane mahaɗi daga wani shafi zuwa naka a matsayin shaida, kuma yake ba shaidar shafi mai daraja nauyi fiye da ta wanda ba a san shi ba. Kai da kake karatu a Madina ba sai an yi maka dogon bayani ba a kan cewa yawan masu ba da labari ba ya tsayawa a madadin amincinsu. Mahaɗai ɗari biyar na kuɗi kaɗan daga shafukan da aka ƙirƙira domin sayar da mahaɗai kawai suke fitowa, kuma babu ɗan'adam da yake karanta su. Sayen mahaɗi domin ɗaga matsayi ya saɓa wa ƙa'idojin Google a fili, kuma da sabuntawar da aka kira Penguin a 2012 kamfanin ya tsananta farautar wannan ɗabi'a. Mafi sauƙin sakamako shi ne a yi watsi da mahaɗan kuɗinka ya tafi a banza, mafi muni kuma a hukunta shafin.

Kai kuwa kana da abin da ba a saye, wato kana zaune a wurin da kake rubutu a kansa, kuma kana rubutu da harshen da ingantaccen bayani ya yi ƙaranci a cikinsa idan aka kwatanta da Larabci ko Turanci. Tarihin Uhudu yana cikin littattafai kowa yana iya kwafowa, amma ta ina ake bi da ƙafa daga Masallacin Annabi zuwa Ƙuba, wane lokaci ne cunkoso yake raguwa, ta wace ƙofa mata suke shiga, yaya dattijon da bai saba da waya ba zai nemi izinin shiga Rauda ta manhajar Nusuk, waɗannan sai wanda yake gani da idonsa. Ka ba kowace tambaya shafinta, da take irin yadda maniyyaci zai furta ta, ka haɗa shafukanka da juna ta yadda mai karanta bayanin Ƙuba zai ga hanyar zuwa na Ƙiblataini. Daga nan ka sanar da malaman bita da makarantun Islamiyya da kamfanonin jigilar alhazai masu shafuka cewa ga bayani kyauta da maniyyatansu za su amfana da shi. Mahaɗi ɗaya daga irin waɗannan yana kawo masu karatu na gaske, ko da injin bincike bai lissafa shi ba.

Ka guji kuma yawaita shafuka ta hanyar zuba rubutun wasu a injin fassara ko manhajar ƙirƙirar rubutu, domin a watan Maris na 2024 Google ya faɗaɗa ƙa'idarsa a kan tara shafuka barkatai da nufin hawa sama, kuma a fagen ibada kuskuren fassara ɗaya yana iya ɓata wa mutum aikin da ya tara kuɗinsa shekara da shekaru. Tsare-tsaren izini da lokutan ziyara suna canzawa daga shekara zuwa shekara, saboda haka ka rubuta ranar da ka duba kowane bayani a saman shafinsa, ka nuna sanarwar Ma'aikatar Hajji da Umra da ka dogara da ita, kuma ka sake bin shafukan ɗaya bayan ɗaya kafin jiragen alhazai su fara sauka a watan Zulƙida.